Sakatar Goggo

A sashenmu na binciken kisan kai kowa da abin da ya iya. Ni baki na iya, shi ya sa suke ce mini Rediyo. Saje kuwa ƙafa ya iya. Katafila muke ce masa, don ba abin da ke faranta masa rai kamar a nuna masa ƙofa a kulle a ce ba a san inda ɗan makullin yake ba. Sai ka ga ya gyara wando, ya ja da baya, fuskarsa ta yi haske kamar an ce masa an yi masa haihuwa. Shugabar tawagarmu Sufeto ce, siririyar mata mai gilashi, ba ta ɗaga murya, ba ta dariya. A bayan idonta Firji nake ce mata. A gabanta kuwa ranki ya daɗe ne, har da ɗan rusunawa.

Ƙofar da Saje ya fasa ranar da abin ya fara ta wani tsohon malamin makaranta ce, mai zaman kansa a ɗaki ɗaya a ƙarshen wani gidan haya. Maƙwabta ne suka kira mu. Sun ce tun jiya ba su ji tarinsa ba, shi kuwa mutum ne da tarinsa ke tashin gidan kowace safiya.

Muna shiga muka tarar da fanka tana ta juyawa, littattafai a jere a kan tebur, takalmansa a haɗe a bakin gado. Tsohon yana kwance rigingine, an ja mayafi har haɓarsa. 'Ya'yan makullinsa biyu suna rataye a ƙusa. Tagar akwai ƙarfe. Ba abin da aka taɓa, har agogonsa yana hannunsa yana tafiya. Na ce wa Saje ka ga mutuwar mutanen kirki ke nan, ba irin wadda ke jiranmu ni da kai ba. Ya ce in yi wa kaina fata ni kaɗai.

Sufeto ta tsaya a ƙarshen gadon tana kallon filo. Ba ya ƙarƙashin kan mamacin, yana can wajen ƙafafunsa, an shafe shi sumul kamar na ɗakin otal. Can ta tambaye ni ko na tuna tsohuwar nan mai sayar da zare da muka fasa ƙofarta watannin baya, da tsohon direban da ya biyo bayanta. Na ce na tuna, Allah ya ji ƙansu, tsufa ne ya ɗauke su.

"Ina filonsu yake?" in ji ta.

Na buɗe baki in yi raha, sai na ga ɗakunan biyu a idona, kowanne filo a wajen ƙafafu. Na rufe bakin.

Washegari Likita ya kira mu. Ya ce akwai ɗige-ɗigen jini a farin idon malamin, cikin leɓensa kuma ya kurje da haƙora. Danne masa fuska aka yi da abu mai laushi har ya daina numfashi, kuma da rana ne, bai daɗe da cin abinci ba. Sauran biyun kuwa an binne su tuntuni ba tare da kowa ya duba ba. Wa zai binciki gawar tsohon da ya mutu a gadonsa, ƙofa a kulle?

Shugaban ofis bai so zancen ba ko kaɗan. Ya ce abin da muke da shi gawa ɗaya ce da filo uku, kuma duk wanda ya kuskura ya furta wa 'yan jarida cewa wani na bin tsofaffi yana kashewa, shi da kansa zai mai da shi ba da hannu a mararraba. Yana faɗa yana kallona. Na ce yallaɓai ni ai ko magana ba ta dame ni ba. Ba wanda ya yi dariya.

Daga nan zama ya ƙare mana. Sufeto ta daina zama a kujera, a tsaye take shan shayi, a tsaye take waya. So take ta gano abin da ya haɗa mutanen nan uku, kuma ba abin da ya haɗa su. Unguwanninsu daban, ba su san juna ba, ba asibiti ɗaya suke zuwa ba. Mun tsare mai karanta mitar lantarki, ya rantse har ya yi kuka, ashe unguwa ɗaya kawai yake zuwa. Mun bi mai yi wa tsofaffi allura a gida, muka tarar ƙafarsa a ɗaure da filasta tun kafin mutuwar direban. Ni aka tura wajen masu wanki da masu gyaran fanka da masu shayi, don an san in na zauna da mutum sai ya ba ni labarin kakarsa. Na sha shayi har cikina ya fara ƙara kamar tanki, ban samo komai ba sai gulmar masu gidajen haya. Tambaya ɗaya ce take ta dawo mana: ta ina ya shiga, ta ina ya fita, ƙofa a kulle, 'ya'yan makulli a ciki?

Ƙofar malamin kuwa tun ranar aka gyara ta. Haka tsarin aikinmu yake, tun kafin a ɗauke ni. Saje ya fasa, mai hoto ya ɗauki gawa da ɗaki, amma ba ya ɗaukar ƙofa, don ba wanda ke son hoton ɓarnarmu a fayil. Sai a aika bayan ofis a kira Kafinta. Rumfarsa tana jingine da katangarmu. Dattijo ne mai sanyin hali, kullum fensir a bayan kunne, magana ƙasa-ƙasa kamar mai jinya. Shi ke gyara mana benci da teburin da masu laifi suka karya. In muka fasa ƙofa ya zo ya cire karyayyen makullin ya jefa a jaka, ya sa sabo, ya share wurin tas, mu kulle mu tafi. Ina yawan tsokanarsa cewa shi da Saje kamfani ɗaya suka buɗe, ɗaya na fasawa ɗaya na gyarawa. Sai ya yi murmushi ya ce Allah ya shirye ka, Rediyo.

Duk wannan yawon da nake yi, mutum ɗaya ce a raina. Goggo, yayar mahaifina. Ita ta riƙe ni tun ina rarrafe, ita ta yi ta guga a ɗakin wankin asibiti har na gama makaranta. Yanzu ta yi ritaya, tana zaune ita kaɗai a ɗaki da falo a hawa na biyu na wani tsohon bene, inda duk 'yan hayan ma'aikata ne, da rana ba ka jin motsin kowa sai kyanwarta. Tana cin abincin rana ta kashe waya ta kwanta, ba mai tashinta sai yamma. Makullin ƙofarta kuwa ya girme ni, da cokali ma sai ka buɗe shi.

Na je na same ta da zancen canza shi. Ta ce makullin da ya tsare ta shekara da shekaru ba zai gaji da ita yanzu ba. Na ce Goggo ke fa kyakkyawa ce, samari nake ji miki. Ta jefe ni da murfin roba. Ban gaya mata abin da muke bincike ba, don in ta ji ba za ta ƙara barci ba, ni ma ba za ta bar ni in yi ba. Sai da na yi kwana da kwanaki ina naci ta yarda, bisa sharaɗinta na kullum: kar a san tana da ɗan sanda a dangi. Ko da wasa ba ta bari in je mata da kaki. A wajen maƙwabtanta ni ma'aikacin gwamnati ne kawai, don ta ce in suka sani, duk wanda aka kama ɗansa a ƙofarta zai kwana.

Saboda haka da na je rumfar Kafinta, sai na ce masa wata tsohuwa ce na sani a bene kaza, tana son sabon makulli mai kyau. Yana goge katako bai ɗago ba, ya tambaye ni ko tana da wanda ke zuwa duba ta.

"Wa zai iya da ita?" na ce. "Ba ta da kowa sai kyanwa da rigima."

Ya ce Allah sarki, zai je.

Bayan 'yan kwanaki na biya ta wajenta da safe kafin in wuce aiki. Sabon makulli yana ta ƙyalli. Ta ba ni ɗan makulli ɗaya ta riƙe ɗaya, sannan ta buɗe mini shafin ƙorafi. Wai mutumin yana da ladabi, har shara ya yi mata, amma ya cire mata sakatarta ta ciki. Ya ce ta yi tsatsa, tana janye ƙyauren, za ta hana sabon makullin zama daidai, kuma wannan makullin shi kaɗai ya isa. Ta nuna mini bayan ƙofar, ga 'yan ramukan sukurori a jere inda sakatar take a da. Na ce Goggo zamani ya wuce sakata, ke ce kawai ba a gaya wa ba. Ta ce zamanin ya zo ya kwana a ɗakin ya ji. Na cinye mata rabin burodi na gudu.

Ranar da rana Sufeto ta ce mu koma ɗakin malamin, don 'yarsa ta zo daga wani gari tana kwashe kaya. Mun koma ɗakin nan ya fi a ƙirga, har na san inda kowace tsaga take a bango. Matar tana naɗe rigunan ubanta tana sa wa a kwali, idonta ya kumbura. Sufeto ta yi mata ta'aziyya, sannan ta ce a rufe ƙofa, tana so ta kwanta a gadon ta ga abin da tsohon yake gani in ya kwanta. Saje ya kalle ni, na kalle shi. Na tura ƙofar da ƙafa ta rufu.

Duk zuwan da muke yi, ƙofar a buɗe take, jingine da bango, saboda zafi da wari. Ba wanda ya taɓa ganin bayanta. Daidai kafaɗata akwai 'yan tabo a jere, an cike su da garin katako da gam, an goge, launinsu ya ɗan fi na ƙyauren haske.

Sufeto ta tashi daga gadon ta sa yatsa a wurin, ta tambayi matar ko da akwai wani abu a nan. Matar ta ce sakata ce. Ta ce babanta ko gyangyaɗi ba ya yi sai ya sa sakata, tun suna yara. Amma kwanaki an sace masa rediyo ta taga, ya je ofishinmu ya kai ƙara, ɗan sandan da ke kan kantar karɓar ƙara ya ba shi shawara ya canza makulli, har ya nuna masa wani kafinta a bayan ofis. Baban ya gaya mata a waya cewa an sa masa makulli mai kyau, sai dai an cire sakatar, wai tana janye ƙyaure.

"Ai ku kuka tura shi," in ji ta, ba da faɗa ba, tana ci gaba da naɗe riga.

Kowa a ofishinmu haka yake yi. Tsoho ya zo da ƙarar an ɗauke masa bokiti ko ya ji motsi a bayan taga, ba mu da motar zuwa, ba mu da lokaci, sai mu ce baba canza makulli, ga Kafinta nan a baya. Sabon makulli kuwa 'ya'ya uku yake zuwa da su, kowa ya san wannan, ni ma na sani. A ƙusar malamin biyu muka gani. A hannun Goggo biyu.

Sufeto ta juyo ta dube ni ta saman gilashi. "Rediyo, an ɗauke wuta ne?"

Na gaya mata. Ban taɓa yin magana gajeriya irin wannan ba a rayuwata. Na gaya mata har abin da Kafinta ya tambaye ni da amsar da na ba shi. Ba ta zage ni ba, na so a ce ta zaga. Ta duba agogo kawai, ta ce in kira Goggo, ta ce wa Saje ya kira na kan kanta a leƙa rumfar Kafinta.

Wayar Goggo a kashe. Na sake kira, kamar naci zai kunna ta. Matar kamfanin waya tana ta ba ni haƙuri da muryarta mai daɗi, na ji kamar in shaƙe ta. Na kira maƙwabciyarta mai aiki a banki, ta ce tana wurin aiki, ba kowa a benen sai yamma, lafiya dai? Saje ya sauke tasa wayar ya ce rumfa a rufe take, makanikin da ke kusa ya ce tun tsakar rana Kafinta ya rataya jaka ya fita, ya ce zai je duba wani aiki da ya yi.

Saje ya ce wataƙila wani aikin ne daban, mutum mai ƙofofi da yawa. Sufeto ta ce wataƙila. Tana faɗa tana gaba, mu muna binta a guje.

Motarmu kuwa ta zaɓi ranar ta nuna halinta. Sai da muka tura ta ta tashi, muna hawa babban titi muka faɗa cunkoso, wata tirela ta gicciye a mararraba, ana ta hon ba mai motsi. Jiniyarmu ta lalace tun bara. Na zauna a baya ina ta lissafin banza: yanzu ta gama cin abinci, yanzu ta ba kyanwa saura, yanzu ta ja labule. Ina ta tuna yadda Kafinta ya ce Allah sarki. Na yi shekaru ina tsokanar mutumin nan, ina cin gyaɗarsa, ina zama a bencinsa.

Sufeto ta buɗe ƙofa ta fita tsakiyar titi ta tare babura biyu da katin aiki. Ni da ita a ɗaya, Saje shi kaɗai a ɗaya, don ba mai babur ɗin da zai iya ɗaukarsa da ƙari. Muka bar motar da direba a nan. Mai babur ɗinmu ya fara ƙorafin an yi masa lodi, na ce masa in ya kai mu da rai zan yi masa waƙa a rediyo, in ya tsaya surutu zan tuƙa da kaina. Muka bi ta lunguna, ta bayan kasuwa, ta kan wata kwata da aka rufe da katako, gwiwata tana goge bango. Duk tsohuwar da muka wuce sai na waiga, ko Allah ya sa yau Goggo ta fasa barci ta fita sayen zare.

Benen shiru kamar an kwashe mutanen. A ƙasan matakala na ga kyanwar Goggo tana zaune tana lasar ƙafa. Kyanwar da ba ta taɓa fita ba, don Goggo ba ta buɗe mata ƙofa. Na haye matakalar ban san ina taka ta ba.

Ƙofar a kulle. Na ciro ɗan makullin da ta ba ni da safe, na zura, ya shiga rabi ya tsaya. Na sake turawa. Akwai wani ɗan makullin a ciki, daga ta can ɓangaren. Goggo kuwa ba ta barin ɗan makulli a jikin ƙofa, a wuyanta take ratayawa da zare tun da na san ta.

Na buga na kira ta. Shiru. Sai na ji wani ɗan sauti daga ciki, kamar ana dukan katifa da dunduniya.

Saje ya riga ya gyara wando ya ja da baya. Sufeto ta riƙe hannun rigarsa ta nuna masa ɗaya gefen ƙofar, wajen da aka kafe ƙyauren a jikin katako.

"Ta nan. Kar ka taɓa mini makullin."

Na sha ganin Katafila yana aiki, amma ban taɓa ganin irin na ranar ba. Bugu ɗaya ƙyauren ya tsage daga gindinsa ya karkace, wasu tukwane da aka jera a bayan ƙofa suka watse a falo suna ƙara. Na tsallake su na faɗa ɗakin kwana.

Yana durƙushe da gwiwa ɗaya a bakin gado, ya danna filo da hannu biyu, fensirinsa na nan a bayan kunne. Ƙafafun Goggo suna motsi a hankali, kamar mai tafiya a cikin ruwa. Ban san yadda na yi ba, na dai ga ni da shi a ƙasa tsakanin gado da kabad, Saje ya ɗaga shi sama da hannu ɗaya kamar rigar wanki. Bai yi kokawa ba. Bai ma yi haki sosai ba.

Sufeto ta cire filon, ta tallafo kan Goggo. Fuskarta ta yi wani irin launi da ba na son tunawa. Na riƙe hannunta ina kiran Goggo, Goggo, kamar ɗan yaye. Ta ja wani numfashi mai ƙara, ta yi tari, ta sake ja. Idonta ya yi yawo a ɗakin har ya sauka a kaina. A cikin ɗaya hannun nata akwai maɓallin rigarsa da guntun yadi, ta damƙe ba ta saki ba.

Daga baya ta ba mu labari a asibiti, da muryar da ba ta fi raɗa ba. Tun da aka cire sakatar take jera tukwane a bayan ƙofa in za ta kwanta. Ƙararsu ce ta tashe ta. Ta gan shi a falo, ya ce ta yi haƙuri, makullin ya zo dubawa, ya ƙwanƙwasa bai ji ta ba. Har mayar mata da tukwanen ya yi wurinsu, ya kulle ƙofar wai yana gwadawa. Ita kuwa ta tsaya tana yi masa faɗan sakata, tana tambayarsa inda ya sami ɗan makullin ɗakinta, ta ƙi komawa ta kwanta, ta ƙi yin shiru. Sufeto ta ce wannan faɗan ne ya ci masa lokaci har muka iso. Na ce kin ji ko Goggo, ashe a gida na gaji baki. Ta ɗaga yatsa ta nuna mini ƙofar fita.

Shi kuwa, lokacin da muke fita da shi da ankwa, ya tsaya ya dubi ƙyauren da Saje ya tsaga, ya girgiza kai. Sannan ya dube ni, ba fushi a fuskarsa, kamar na saɓa masa alkawari.

"Ka ce ba ta da kowa," in ji shi.

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. A ofis an yi juyin duniya, bai ce ya kashe malamin ba, bai ce bai kashe ba. Mai zare da direba kuwa ko sunansu aka ambata sai ya dubi bango. Ya zauna a bencin da shi ya gyara mana, hannu a cinya, har ya nuna wa na kan kanta cewa ƙafar teburinsa ta fara girgiɗi. Makullin Goggo dai yana nan lafiya, da ɗan makulli na uku a jikinsa, Sufeto da kanta ta tsaya aka cire shi aka sa a leda. Karyayyun makullan da muka yi ta miƙa masa da hannunmu kuwa ba a ga ko ɗaya ba.

A ƙasan jakarsa, ƙarƙashin sukundireba da gwangwanin gam, muka sami zoben waya mai kauri cike da 'ya'yan makulli. Ba suna, ba alama, ba lamba. Saje ya ɗaga shi ya girgiza, ya yi ƙara kamar kayan rawa, sai ya ajiye da sauri. Shugaban ofis ya daɗe yana kallon zoben. Bai ƙara zancen mararraba ba. Ya ce a tara duk wanda ya taɓa zama a kanta, kowa ya tuno tsofaffin da ya tura bayan ofis.

Kafin a sallamo Goggo na sayo ƙatuwar sakata, na ce ba kafintan da zai ƙara taɓa ƙofarta, ni zan kafa da kaina. Na fasa babban yatsana, na lanƙwasa sukurori, ta fito a karkace, sai an ɗaga ƙyauren da gwiwa take shiga. Goggo ta zo ta duba ta sama ta duba ta ƙasa, ta ce da ma gwamnati ba ta taɓa yin aiki ya miƙe ba. Amma ta gaya wa maƙwabciyarta mai aikin banki, a gabana, cewa wannan ɗan ƙanina ne, ɗan sanda ne, in kin ga ya zo da kaki kar ki tsorata.

Yanzu aikina ke nan, ni da zoben. Kullum da rana nake fita, lokacin da gidajen haya suke yin shiru, ina bin kwatancen da abokan aiki suka iya tunowa: wani tsoho mai sanda a bayan gidan mai, wata mai ciwon ido kusa da makaranta. In na isa sai in ƙwanƙwasa, in ba a amsa ba in fara gwada 'ya'yan makullin ɗaya bayan ɗaya. Yawanci ba wanda ke shiga, sai in ji daɗi in wuce. Jiya a wani ɗaki a ƙarshen lungu na ƙwanƙwasa har hannuna ya gaji, na zura wani ɗan gajere, ya juya sumul kamar an shafa masa mai. Na tsaya da hannuna a kan mariƙin ƙofar, na kasa turawa. Ina jin fanka tana juyawa a ciki.

Can sai wata murya ta taso, a shaƙe da barci, tana tambayar wane marar kunya ne yake taɓa masa ƙofa da tsakar rana.

Na ce baba ni ne, Rediyo, sakata na kawo maka. Ya ce shi bai san wani Rediyo ba, kuma in ban bar wurin ba zai kira 'yan sanda. Na zauna a bakin ƙofar na ce kira su, baba, ina nan ina jira.